Kamfaninmu yana ta bunƙasa amma zaman wurin ya zama wani iri, haka abin yake a ko'ina?

Mai_Gyaran_Dare:
Salam jama'a. Masu aiki a kamfanonin fasaha nake so mu yi wannan maganar, musamman waɗanda nasu kamfanin ke cikin girma irin na gaggawa. Na shiga namu muna mutum 30 da ɗoriya, yanzu an haura 300 kuma kusan duk Litinin sai an gabatar mana da sababbin fuskoki. Kuɗi sun shigo, kwastomomi sun ƙaru, albashina ma an taɓa shi ba zan ɓoye ba. Amma wlh wurin ya canza. A da in abu ya lalace juya kujera kawai za ka yi ka ce wane ga matsala, kafin a tashi an gyara. Yanzu sai ka buɗe tikiti, wato ka shigar da matsalar a rubuce, tikitin ya tafi wurin wani da ba ka taɓa gani ba, ya dawo maka da shi ya ce ba na sashensu ba ne, a kira mitin, a mitin ɗin a tsayar da ranar wani mitin. Kuma duk yawan nan da muka yi, in saba, wato babbar kwamfutar da manhajarmu ke gudana a kanta, ta faɗi ƙarfe 2 na dare wayarmu ce ke ƙara mu ƴan farko, don mu kaɗai muka san yadda aka ƙulla abin tun asali. Shi kuma oga har gobe a taron wata cewa yake mu dangi ɗaya ne. Namu ne ya lalace ko kowa haka yake fama?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikassalam ƙanena. Ba naku ne kaɗai ba, kuma ba lallai a ce wani mugu ya shigo ya ɓata muku wuri ba, lissafi ne kawai ya kama ku. Ɗauki biro ka gani. Mutum 10 in kowa zai yi hulɗa da kowa, hanyoyin da ke tsakaninsu 45 ne. Mutum 30, hanyoyi 435. Mutum 300 kuwa 44,850. Kun ninka yawanku sau 10 amma hanyoyin magana sun ninka fiye da sau 100, to ta ina juya kujera zai ishe ku? Akwai wani masanin ɗan Ingila, Robin Dunbar, da ya ce mutanen da kan mutum zai iya riƙewa da sani na gaske ba su wuce wajen 150 ba. Ana ta jayayya a kan adadin amma duk wanda ya zauna a wurin da ya tsallake wannan iyakar ya san ranar da ya fara haɗuwa da mutum a ƙofa bai sani ba ko abokin aiki ne ko baƙo. Abin da na lura da shi a kamfanonin da na yi, yaro ne ya girma ana ta cusa masa rigar da aka ɗinka masa yana ɗan shekara 5. Mutane sun ƙaru, amma yadda ake yanke shawara, da yadda ake raba aiki, da wanda ake kira in an shiga uku, duk na lokacin mutum 30 ne.

Ƴar_Gwaji:
Yaya Mai_Gyaran_Dare ka yi haƙuri zan faɗi abin da ba za ka so ba, ni ina ɗaya ɓangaren ne, cikin sababbin fuskokin Litinin ɗin nan nake a namu kamfanin. Ku ƴan farko kuna kukan ku kaɗai ake kira da dare, to wa kuka koya wa? Na shigo aka ba ni kwamfuta da kati aka ce ki duba takardun bayani, na buɗe na tarar rabinsu tun shekara biyu baya aka rubuta, manhajar da suke bayani a kai ma an riga an canza ta. In ka tambayi tsoho sai ya ce bari kawai in yi miki ya fi sauri, ya yi cikin minti 5 ya tashi, ke kuma kina nan jiya i yau. Wanda ya fi ci min rai, a yi mitin na awa guda a Zoom kowa ya faɗi ra'ayi, ashe an gama maganar tun daren jiya a wani ɗan zauren mutum 6 da ba a sa mu ba a Slack, manhajar hirar ma'aikata. To mu me muka zo yi, cika kujera?

Mai_Gyaran_Dare:
Hhh ƴar uwa kin same ni, zauren nan akwai shi a namu ma. Amma ki yi mana adalci, yaushe za a zauna rubuta bayani alhali duk mako akwai sabon abu da aka yi wa kwastoma alkawari tun kafin a tambaye mu ko zai yiwu? Ba wanda aka taɓa yi wa ƙarin girma don ya rubuta takardar bayani mai kyau ko ya zaunar da sabon ma'aikaci ya koya masa. Wanda ya kwana yana gyara shi ake tafa wa a taro.

Tsohon_Hannu:
Yauwa, ka faɗi maganar da bakinka. Ka manta da abin da aka rubuta a bangon ofis da manyan haruffa, gaskiya, haɗin kai, kaza kaza. In kana son sanin halin kamfani ka duba mutum uku na ƙarshe da aka yi wa ƙarin girma da mutum uku na ƙarshe da aka sallama, ka tambayi kanka me suka yi. In mai kwana a ofis ake tafa wa, to kowa zai koyi barin abu ya lalace ya zo ya gyara a gaban jama'a, shi kuwa wanda ya yi aikinsa tsaf tun farko har ba abin da ya faɗi, ba wanda ya san da zamansa.

Zafin_Nama22:
Ni gsky ban gane koke-koken nan ba. Wanda yake son ya tashi ƙarfe 4 ya tafi gida ai ya san inda ake irin wannan aikin. Abin da na koya cikin shekara ɗaya a kamfani mai tasowa wani sai ya shekara 5 a tsohon kamfani bai gan shi ba, ni da ban daɗe da gama makaranta ba an damƙa min sashe guda na manhajar da dubban mutane ke amfani da ita. Facebook ma ai takensu a farko shi ne a yi sauri ko da za a fasa abubuwa, ga inda suka kai. Ana gina abu babba dole a sha wahala mana.

Sarkin_Saba:
Ɗan samari ka ƙarasa labarin mana. Shi kansa Zuckerberg mai Facebook ɗin a 2014 ya sauya taken, ya koma a yi sauri amma a kan ingantaccen tushe, saboda sun gano lokacin da suke ɓatawa wajen gyaran abin da suka fasa ya fi wanda saurin ya rage musu. Koyon da ka ce gaskiya ne ban musa ba, ba inda ake ba yaro babban aiki da wuri kamar irin waɗannan wuraren, don ba su da wanda za su ba sai kai. Amma ka je ka karanta labarin 996 na Sin, 9 na safe zuwa 9 na dare kwana 6 a mako, awa 72 ke nan. A 2019 masu rubuta manhaja suka yi masa bore a GitHub, dandalin da suke ajiye aikinsu a intanet, Jack Ma na Alibaba ya fito ya ce ai alheri ne mutum ya samu damar yin irin wannan aikin, a Agustan 2021 kuma kotun ƙolin ƙasar ta ce tsarin ya saɓa doka. Mutanen nan ba raggwaye ba ne, jiki ne ya ce ya isa. A 2019 ɗin dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin gajiyar nan da aiki ke cinye mutum har ya ji ya tsani abin da yake so a da, cikin kundinta, a matsayin abin da yanayin wurin aiki ke haifarwa. Kai yanzu ba mata ba ɗa, mu sake maganar nan in ka tara iyali.

Zafin_Nama22:
Oga ai shi ya sa nake yi yanzu kafin iyalin su zo 😅 kuma an ba ni hannun jari, in kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari shi ke nan an wuce wurin.

Ummu_Lissafi:
Ƙanena zo nan, wannan fagena ne. Ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka karanta a tsanake, ka duba shin hannun jarin aka ba ka ko damar sayensa nan gaba a kan wani farashi da aka tsayar, don yawanci na biyun ne. Tsarin da aka fi yi, musamman kamfanonin da ke bin salon Amurka, shekara 4 ake raba maka shi, kuma in ka tafi ko aka sallame ka kafin ka cika shekara 1 ba ka da ko ƙwaya. Bayan shekarar sai kashi ɗaya cikin huɗu ya zama naka, sauran ya riƙa shigowa kaɗan kaɗan. In ka ajiye aiki kuma, da yawa kwana 90 kawai suke ba ka ka fito da kuɗinka ka saya ko ka rasa, ka sayi abin da ba kasuwar da za ka kai shi ka sayar tukuna. Sannan duk lokacin da aka karɓi sabon jari ana ƙirƙiro sababbin hannaye, kasonka yana ƙanƙancewa, kuma in aka zo sayar da kamfanin masu zuba jari ne ake fara biya kafin a waiwayo ma'aikata. Ka tuna WeWork, kamfanin Amurka mai ba da hayar ofisoshi, a farkon 2019 an yi masa ƙimar dala biliyan 47, a Satumbar shekarar shirin shiga kasuwa ya rushe shugaban ya sauka, a Nuwamba aka sallami mutum 2,400, a 2023 kamfanin ya shigar da takardar karyewa. Akwai waɗanda suka yarda da ƙaramin albashi saboda takardar nan. Ban ce ba a dacewa ba, ana dacewa, mutum 13 ne a Instagram lokacin da Facebook ya saye shi dala biliyan 1 a 2012. Amma ka lissafa rayuwarka da abin da ke shiga asusunka ƙarshen wata, wancan in ya zo alhamdulillahi.

Mai_Shakka:
Ni maganar dangi ɗaya ɗin nan ce ta tsaya min. Duk ogan da ya ce mu dangi ne, ku lura, daren Asabar zai turo saƙo ya ce a ɗan taimaka. Ba a cewa dangi lokacin rabon riba, sai lokacin neman obataim kyauta. Daga Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023 kowa ya ga dangin, Meta mai Facebook ta sallami 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000, akasari don sun ɗibi mutane ba lissafi lokacin korona suna zaton haka kasuwar za ta ci gaba, shi Zuckerberg ma ya fito ya ce hasashensa ne bai yi daidai ba. Wasu tashi suka yi da safe suka ga imel ɗin aiki ya ƙi buɗewa, a haka suka sani. Gara min Netflix, tun 2009 suka rubuta ƙarara cewa su kamar ƙungiyar ƙwararrun ƴan wasan motsa jiki ce ba dangi ba, in aikinka tsaka-tsaki ne za a ba ka kuɗin sallama mai kauri ka kama gabanka. Akwai rashin tausayi a ciki amma aƙalla ba romon baka.

Tsohon_Hannu:
Malam Mai_Shakka na yarda da rabi. Ba kowane oga ne ke faɗin haka da yaudara ba, wasu da gaske suke ji, don lokacin da suna mutum 15 a ɗaki ɗaya kusan dangin ne, sun san sunan ƴaƴan juna. Matsalar shi yana can yana tuna wancan zamanin, ba ya ganin cewa mutum na 280 bai taɓa magana da shi ba ko sau ɗaya, kuma rayuwar wannan mutumin gaba ɗaya tana hannun wani manaja da aka naɗa wata uku da suka wuce.

Manaja_Dole:
To an zo kaina. Ni ce irin manajan da ake magana. Ina zaune ina rubuta manhajata lafiya lau aka kira ni aka ce daga Litinin mutum 8 suna ƙarƙashinki, barka. Ba horo ba komai, kuma ba a ɗauke min aikina na da ba, wato da rana mitin da sulhunta mutane da dare kuma in buɗe kwamfuta in yi ainihin aikin da ake auna ni da shi. Dalilin naɗin kawai na fi sauran daɗewa kuma hannuna yana da sauri, alhali iya aiki daban iya riƙe mutane daban. Daga sama a ce miki wa'adi ƙarshen wata ba ɗagi, daga ƙasa yara su ce Anti wannan ba zai yiwu ba kuma kin san gaskiyarsu, ke ce a tsakiya kowa yana jin haushinki. Google ma fa a 2002 sun gwada cire manajojin injiniyoyi gaba ɗaya, ƴan watanni suka yi suka dawo da su don kowa ya koma kai ƙorafinsa kai tsaye wurin masu kamfani. Daga baya da suka yi nasu binciken a kan abin da ke sa tawaga ta yi kyau, abin da ya fito a gaba shi ne mutum ya iya buɗe baki ya ce ban gane ba ko na ga matsala ba tare da tsoron a wulaƙanta shi ba. Wannan kuwa ba mai kamfani ne ke samar da shi ba, manajan da kake gani kullum ne. Shi ya sa a kamfani ɗaya, bene ɗaya, za ka ga tawaga ɗaya suna dariya ɗaya kuma kowa yana gyara takardar neman aiki a ɓoye.

Ƴar_Gwaji:
Anti Allah ya ba ki lada, da manajana zai faɗi rabin wannan da na ji sanyi. Amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. In wanda ke takura maka shi ne gwanin da kamfani ke ji da shi fa, ina za ka kai kuka? Muna da wani, duk mitin sai ya katse mace in tana magana, ya maimaita abin da ta faɗa kamar shi ya ƙirƙiro, in ka kawo gyara a aikinsa ya yi maka tsawa a gaban kowa. An kai ƙara ofishin kula da ma'aikata, amsar da aka bayar wai haka halinsa yake amma ai yana kawo sakamako.

Ummu_Lissafi:
Wannan amsar tsohuwa ce ƴar uwa. Kusan ita aka ba Susan Fowler a Uber, ta kai ƙarar manajanta kan neman lalata aka ce mata mutumin gwani ne kuma laifinsa na farko ne, daga baya ta gano wasu matan ma sun kai ƙararsa. A Fabrairun 2017 ta rubuta labarin duniya ta karanta, aka kawo Eric Holder tsohon ministan shari'ar Amurka ya yi bincike, aka kori sama da mutum 20, a Yunin shekarar shugaban kamfanin Travis Kalanick ya sauka. Kamfanin yana tsakiyar bunƙasa duk wannan ke faruwa, bunƙasar ce ma ta rufe shi, don muddin lambobi suna hawa ba mai son jin wata magana. Shawarata ki riƙa rubuta komai, rana da lokaci da waɗanda ke wurin, ki kai ƙara a rubuce ba da baki ba, in akwai wasu da abin ya shafa ku kai tare. Kuma ki sani ofishin nan kamfani yake karewa kafin ke, sai ki nuna musu cewa barin mutumin haka kamfanin zai cutar.

Mai_Shakka:
Ko kuma ta fara neman wani wuri tun yanzu. Ni ban taɓa ganin an taɓa irin waɗannan gwanayen ba sai in abin ya fita waje.

Manaja_Dole:
Ana taɓa su Malam, na gani da idona, amma sai an lissafa wa na sama mutum nawa suka ajiye aiki daga tawagarsa da abin da aka kashe wajen ɗauko madadinsu da watannin da sabo ke ɗauka kafin ya kama hannu. Da wannan harshen suke ji.

Sarkin_Saba:
Mai_Gyaran_Dare bari in ba ka abin da ya yi mana aiki, ba dogon turanci. Kiran dare a yi masa jadawali, mako mako, kowa ya shiga har da sababbi, sabo ya fara da bin tsoho yana kallo, zagaye na gaba shi ke riƙe da waya tsohon yana bayansa. Duk wanda aka tasa da dare washegari ya huta kuma a biya shi, da zarar abin ya zama kuɗi za ka ga na sama sun fara tambayar me ya sa sabar ke yawan faɗuwa. Bayan kowace matsala a zauna a rubuta me ya faru da yadda aka gyara, ba a rubuta laifin wane ne ba, in ba haka ba kowa zai riƙa ɓoyewa. Mitin kuma Shopify, kamfanin Kanada mai manhajar buɗe shago a intanet, a Janairun 2023 share duk wani mitin mai maimaituwa na sama da mutum biyu suka yi daga kalandar ma'aikata, mu ba mu kai can ba, kawai mun ce mitin da ba a turo ajandarsa a rubuce ba kana da damar ƙin zuwa.

Zafin_Nama22:
Anti Ummu na duba takardar, damar saye ce, kuma kwana 90 ɗin yana ciki 😭 wa zan tambaya yawan hannayen jarin kamfanin gaba ɗaya don in san kasona?

Ummu_Lissafi:
Ka tura wa sashen kuɗi imel, ka ce kana son jimillar hannayen har da waɗanda aka ware ba a raba ba tukuna, da farashin da aka yi wa kowane ɗaya a jarin ƙarshe da aka karɓa. Ka raba naka da jimillar ka ga kason. In suka ce sirri ne ka sake tambaya a rubuce, ka sa manajanka a ciki.

Ƴar_Gwaji:
Wata tambaya kafin a watse, takardar jin ra'ayin ma'aikata da ake turowa duk wata uku wai ba a ganin suna, da gaske ne? An turo mana jiya ina ta tsoron cikewa.

Manaja_Dole:
Suna kam ba na gani, sakamakon tawaga ake haɗo min, kuma in waɗanda suka cike sun yi kaɗan manhajar ba ta nuna min komai. Amma wurin da ake rubuta sharhi da hannu, mutum 8 ne a ƙarƙashina kuma kullum ina karanta saƙonninsu, na san mai sa alamar tambaya uku a jere da mai fara kowace jimla da a gaskiya. Ki ba da makin yadda kike ji, sharhin kuma ki rubuta shi gajere, ki faɗi abin da ya faru a mitin ba tare da kin kawo misalin da ke kaɗai ya shafa ba.